Hassada ce ko Tsoro? Fashin Baƙi kan Rigimar Gida a Wasannin Kwaikwayon Baƙaƙen Fatar Amurka

Akwai wani guntun bidiyo da ya daɗe yana yawo a Facebook da TikTok. Ɗan wasan fim Denzel Washington ne ya fito a matsayin uba a tsakar gida, ɗansa matashi ya tambaye shi me ya sa bai taɓa ƙaunarsa ba. Uban ya murtuke fuska ya ce babu dokar da ta wajabta masa ya ƙaunace shi. Abin da ke kansa ci da sutura da makwanci ne, kuma yana yi, don nauyi ne da ya rataya a wuyansa. Duk ranar da aka sake ɗora bidiyon sai masu kallo su rabu biyu. Wasu su ce wannan shi ne uba na gaske, mai tarbiyya babu wasa. Wasu su ce ai wanda ya kalli fim ɗin har ƙarshe ya san mutumin nan hassada yake yi wa ɗan cikinsa, shi ya toshe masa hanyar jami'a da hannunsa.

To wanne ne gaskiya? Kuma me ya sa manyan wasannin kwaikwayon baƙaƙen fatar Amurka, tun daga shekarun 1950 har yau, suke yawan komawa wuri guda: gidan talaka ma'aikaci, kuɗi kaɗan, miji da mata ba sa jituwa, wa da ƙane suna hararar juna? Akwai ma masu tambaya daga nan gida Afirka, cewa ta yaya mutum zai zauna a ƙasar da kowa ke rububin shiga, amma ya ƙare yana faɗa da 'yar'uwarsa kan kuɗin inshora? Amsar tana cikin wasannin, tana kuma cikin dokokin gidaje da na aiki da marubutan suka tashi a ƙarƙashinsu.

Wane irin wasa ake nufi?

Bidiyon nan daga fim ɗin Fences ne na 2016, amma asalinsa wasan daɓe ne, wato wanda ake yi kai tsaye a kan dandamali gaban 'yan kallo. August Wilson ya rubuta shi, aka kai shi Broadway a 1987. Broadway gungun manyan gidajen wasa ne 41 a birnin New York, kuma wasan da ya kai can ya kai ƙololuwa a harkar. A shekarar ce Fences ya ci lambar Pulitzer, wadda ita ce mafi daraja ga marubucin wasa a Amurka.

Kafin a zo nan an sha wuya. Daga shekarun 1830, fararen fata ne ke shafa baƙi a fuska su hau dandamali suna kwaikwayon baƙar fata a matsayin wawa, malalaci, mai rawa da washe baki. Sunan Jim Crow, wanda daga baya ya zama sunan dokokin wariya na kudancin ƙasar, daga irin wannan wasa ya samo asali. Shi ya sa a 1926 masanin nan W.E.B. Du Bois ya kafa sharuɗɗa huɗu ga wasan da za a kira na baƙaƙen fata: ya zama labarinsu ne, su suka rubuta, dominsu aka yi, kuma a unguwarsu ake nuna shi. Idan aka riƙe wannan tarihi za a gane dalilin da ya sa nuna direba ko mai kwashe shara a matsayin cikakken mutum, mai buri da kuskure da zafin zuciya, ya zama babban al'amari.

Ranar 11 ga Maris, 1959, aka buɗe A Raisin in the Sun na Lorraine Hansberry. Shi ne wasa na farko da baƙar mace ta rubuta aka nuna a Broadway, ita kuma ba ta kai shekara 30 ba a lokacin. Lloyd Richards, wanda ya ba da umarni a wasan, shi ne kuma ya ba da umarni a Fences bayan kusan shekara 30. Ke nan hannu ɗaya ya raini wasannin biyu da aka fi sani a wannan fanni.

Kuɗin da ba ya zuwa sai an yi rashi

A wasan A Raisin in the Sun, iyalan Younger mutum biyar ne a wani ƙuntataccen gidan haya a kudancin Shikago. Jikan gidan, Travis, a kan kujerar falo yake kwana, banɗaki kuwa da maƙwabta ake rabawa, sai an yi sammako a kama layi. Walter Lee direban wani attajiri farar fata ne. Matarsa Ruth aikatau take yi a gidajen mutane. Tun da sanyin safiyar farkon wasan yaron ya nemi santi 50 na makaranta, uwar ta ce babu. Uban, don kada ɗansa ya gan shi a matsayin wanda ba shi da ko sisi, ya ba shi ninki biyu, sannan ya dawo yana roƙon matarsa kuɗin motar zuwa aiki. A wannan ɗan abu kaɗai Hansberry ta gama nuna mana ciwon mutumin.

Sai ga takardar kuɗi ta dala 10,000, inshorar ran maigidan da ya rasu bayan ya ƙare ƙarfinsa a aikin ƙarfi. Gwauruwarsa, Lena, tana son gida mai ɗan fili. 'Yarta Beneatha tana son karatun likita. Walter Lee yana son ya zuba a shagon sayar da barasa shi da abokansa, abin da uwar ta ƙi saboda addininta. Duk wanda ya taɓa zama a wurin rabon gado inda mamaci ya bar gida ɗaya tal ga magada da yawa ya san yadda iska ke canjawa a ɗakin: kowa yana da hujja, kuma hujjar kowa tana cin rabon wani. Walter Lee ya fara jin haushin karatun ƙanwarsa. Yana ganin shi ke fita kullum yana buɗe wa wani ƙofar mota, ita kuma ake shirin kashe wa kuɗi. Lena ta biya dala 3,500 kafin alƙalami na wani gida, ta damƙa masa sauran 6,500 bisa amanar ya ware 3,000 na karatun Beneatha. Bai ware ba. Ya miƙa duka ga abokin harkarsa, shi kuma ya gudu da su.

Abin lura shi ne, irin wannan kuɗi yana sake bayyana a wasanni da dama, kuma kullum ta hanyar asara yake shigowa. A Fences, gidan da Troy Maxson, uban da ke cikin bidiyon nan, ke tinƙaho da shi an saye shi ne da dala 3,000 da gwamnati ta biya ƙanensa Gabriel, wanda aka fasa wa kai a Yaƙin Duniya na Biyu har ya samu taɓin hankali. Troy da bakinsa ya yarda cewa ba don wannan rauni ba, da yana shekara 53 ba shi da rufin kansa. A The Piano Lesson, wanda ya kawo wa Wilson Pulitzer ta biyu a 1990, dukiyar gidan su Boy Willie duka fiyano ce guda da kakan mahaifinsu, wanda bawa ne, ya sassaƙa fuskokin danginsa a jikinta, mahaifinsu kuma ya rasa ransa a dalilin ɗauko ta. Boy Willie yana son a sayar ya sayi gonar da kakanninsa suka yi bauta a kai. 'Yar'uwarsa Berniece ta ce ba a sayar da jinin iyaye. A Topdog/Underdog na Suzan-Lori Parks, wa da ƙane ne a ɗaki ɗaya, iyayensu sun gudu sun bar wa kowanne dala 500, kuma a kan wannan gado da cacar kati uku ƙanen ya harbe wansa. Da wannan wasa Parks ta zama baƙar mace ta farko da ta ci Pulitzer ta wasan kwaikwayo, a 2002.

Wanda ya fito fili ya faɗi abin a cikin wasan Hansberry ɗalibi ne ɗan Najeriya, Bayerabe mai suna Joseph Asagai, wanda ke neman Beneatha yana kuma gayyatarta ta bi shi gida ta yi aikin likita. Ya nuna mata cewa akwai abin da ya karkace a gidan da burin kowa ya rataya a kan mutuwar mutum ɗaya. Shigar ɗan Najeriya cikin wasan, shekara guda kafin samun 'yancin kai, ba haɗari ba ne. Baffan marubuciyar, William Leo Hansberry, malamin tarihin Afirka ne a Jami'ar Howard, kuma Nnamdi Azikiwe na cikin waɗanda suka zauna gabansa.

Me ya hana albashi ya zama jari?

Nan ne mai kallo daga nesa ya fi yin kuskure. Mutanen da ke cikin waɗannan wasanni ba zaman kashe wando suke yi ba. Kowa yana aiki, har da tsohuwa. Matsalar ita ce aikin ba ya taruwa ya zama dukiya, kuma akwai dalilai da za a iya lissafawa da shekarunsu.

Bayan ƙarshen bauta a 1865, an fara raba wa 'yantattun bayi filaye a gaɓar tekun kudu, sai Shugaba Andrew Johnson ya soke ya mayar wa tsofaffin iyayen gijinsu. Bankin da aka kafa musu don ajiya ya durƙushe a 1874 da kuɗin dubban mutane. Akasarinsu suka koma noma gonar wani a raba amfani, tsarin da ke barin manomi cikin bashi shekara da shekaru. Mahaifin Troy irin wannan manomi ne. Daga wajen 1910 zuwa 1970, baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 suka bar kudu suka nufi Shikago da Detroit da Pittsburgh da New York da sauran birane.

A arewa sun tarar da wata irin katanga. Dokar fansho ta 1935 ta cire ma'aikatan gona da masu aikin gida, wato ayyukan da mafi yawan baƙaƙen fata ke yi a lokacin. Hukumar gidaje ta tarayya da aka kafa a 1934 ta tsaya wa miliyoyin fararen fata suka samu bashin sayen gida mai sauƙi, amma an zana taswirar birane aka shafa wa unguwannin baƙaƙen fata jan launi, alamar kada a ba da bashi a can. A unguwannin farare kuma masu gidaje suna sa hannu kan yarjejeniyar ba za su sayar wa baƙar fata ba. Sakamakon haka aka cushe mutane a 'yan unguwanni, masu gidajen haya suka riƙa yayyanka gida ɗaya zuwa ƙananan ɗakuna suna karɓar kuɗi mai tsada. Gida kuwa shi ne babbar hanyar da talakan Amurka ke tara abin da zai bar wa 'ya'ya.

Hansberry ta ga wannan da idonta. Tana 'yar shekara 8 mahaifinta ya sayi gida a wata unguwar farare a Shikago. Gungun mutane suka kewaye gidan, aka jefo dutse ta taga ya kusa samunta, mahaifiyarta ta riƙa kwana tana gadi da bindiga. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, suka yi nasara a 1940, amma a kan wata ƙa'idar shari'a kawai. Sai a 1948 kotun ta hana amfani da kotuna wajen tilasta irin waccan yarjejeniya, dokar da ta haramta wariya a cinikin gidaje kuma ba ta zo ba sai 1968, shekara uku bayan rasuwar Hansberry tana da shekara 34. Don haka idan mai kallo ya ga iyalan Younger sun ƙi tayin wakilin unguwar farare na a biya su su fasa tarewa, sun tattara kaya sun nufi sabon gida, kada ya ɗauka an ƙare da farin ciki. Marubuciyar ta san abin da ke jiransu a can.

Troy da ɗansa

Mu koma ga tambayar farko. Labarin Fences a 1957 yake faruwa a Pittsburgh. Troy ya bar gidan ubansa yana shekara 14 bayan wani mummunan duka, ya taka zuwa arewa, yunwa ta sa shi fashi, ya kashe mutum, ya yi shekara 15 a kurkuku. A can ya koyi wasan besbol, wanda ake buga ƙwallo da sanda, ya fito ya zama gwani a gasar da aka keɓe wa baƙaƙen fata, domin babbar gasar ƙasa ba ta ɗaukarsu. Lokacin da Jackie Robinson ya karya wannan shinge a 1947, Troy ya haura 40. Ƙofar ta buɗe bayan ƙarfinsa ya wuce. Ya ƙare a bayan motar shara.

Yanzu ga ɗansa Cory ya ƙware a ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wata jami'a a North Carolina za ta turo wakili ta ba shi gurbin karatu. Troy ya ƙi sa hannu, ya je ya gaya wa kocin cewa yaron ya daina wasa, ya ce ya koma aikinsa na kanti ko ya koyi sana'ar hannu da babu mai ƙwace masa. Cory ya ce masa tsoro yake yi kada ya fi shi.

A ganina duka biyun suna nan, kuma ƙarfin wasan shi ne Wilson ya ƙi raba su. Tsoron Troy na gaske ne. Abin da ya gani a rayuwarsa shi ne farar fata ba ya barin baƙi ya ci gajiyar baiwarsa, kuma yana so ya kare ɗansa daga wannan zafi. Lissafinsa ma na mai gida ne: a cikin wannan zance da ake yaɗawa, yaron ya nemi a sayi talabijin na dala 200, uban ya tuna masa cewa gyaran rufin gida zai ci 264, ya tambaye shi wanne zai fara idan damina ta zo. Amma zamani ya juya bai lura ba. A 1957 ɗin Hank Aaron, baƙar fata, shi ne gwarzon ɗan wasan besbol a gasarsa, kuma a shekarar ce sojojin tarayya suka raka ɗalibai baƙaƙe tara cikin wata makarantar farare a Little Rock. Idan Troy ya yarda cewa Cory zai iya, to ya yarda ke nan cewa abin da ya raba shi da burinsa 'yan shekaru ne kawai, wasunsu ma shi ya zubar da su a kurkuku. Wannan ne ba zai iya haɗiyewa ba, kuma daga nan hassadar ke tsirowa. Mutumin da ya tsaya gaban hukuma ya yi ƙorafin me ya sa farare kaɗai ke tuƙa motar shara, har ya zama baƙar fata na farko da aka ba tuƙi, shi ne ya kasa barin ɗansa ya gwada tasa sa'ar.

Masu yaɗa bidiyon a matsayin darasin tarbiyya suna yanke labarin ne a inda ya yi musu daɗi. Daga baya Troy ya kori Cory daga gida. Ya dangwala hannu a takardar da ta kai Gabriel asibitin masu taɓin hankali, rabin kuɗin ƙanen na wata-wata ya riƙa zuwa aljihunsa, ko da yake bai iya karatu ba kuma ya ce bai san abin da ke ciki ba. Ranar jana'izarsa a 1965, Cory, wanda ya zama soja, da farko cewa ya yi ba zai halarta ba.

Matan gidan

Rose, matar Troy, ta yi shekara 18 da shi kafin ya zo ya gaya mata cewa wata mata mai suna Alberta tana ɗauke da cikinsa. Uzurinsa shi ne a wurin waccan ce yake mantawa da kuɗin haya da gyaran rufi, yana dariya har cikin ransa. Amsar Rose ita ce zuciyar wasan. Ta tuna masa cewa ita ma a wuri ɗaya take tsaye tare da shi duk shekarun nan, ita ma tana da buri, ta binne shi a cikinsa ko da ta gane ƙasar ba mai fitar da tsiro ba ce. Viola Davis ta ci lambar Tony ta wasan daɓe da wannan rawa a 2010, ta ci Oscar ta fim da ita a 2017.

Kishin Rose ba ya kama da wanda muka saba gani tsakanin mata biyu a gida ɗaya. Ba a taɓa nuna Alberta a dandamali ba, kuma Rose ba da ita take faɗa ba. Abin da ke ci mata rai shi ne mijin ya samo wa kansa mafaka daga talaucin da suke ciki tare, ya bar ta a rana. Da Alberta ta mutu wurin haihuwa, Troy ya shigo da jaririyar a hannu. Rose ta karɓa ta ce yarinya ba ta da laifi, ta samu uwa, shi kuwa ya rasa mata daga ranar.

Ruth ta wasan Hansberry ba ta da irin wannan dogon jawabi, amma halinta ya fi tsanani. Ta gano tana da ciki a gidan da babu inda za a shimfiɗa wani yaro, har ta kai kuɗin somin-taɓi wurin mai zubar da ciki, a zamanin da yin haka laifi ne a dokar jihar. Da surukarta ta gaya wa Walter Lee, ta jira ya ce wani abu, sai ya ɗauki kwat ɗinsa ya fice.

Idan hassadar ta fita daga gida

Marubutan baya-bayan nan sun bi ma'aikaci har masana'anta. Lynn Nottage ta shafe lokaci mai tsawo tana hira da mutanen Reading a jihar Pennsylvania, garin da alƙaluman ƙidaya na 2011 suka nuna ya fi kowane birni mai girmansa talauci a ƙasar, sannan ta rubuta Sweat, wanda ya ci Pulitzer a 2017. Cynthia baƙa ce, Tracey fara, ƙawaye ne da suka haura shekara 20 suna aiki kafaɗa da kafaɗa a masana'antar bututun ƙarfe. Aka buɗe gurbin ƙarin girma guda ɗaya, su biyun suka nema, Cynthia ta samu. Nan take Tracey ta fara yaɗa cewa launin fata ne ya ba ta. Ba a jima ba kamfanin ya kwashe injina, ya nemi zaftare albashi, ya kulle ma'aikata a waje, kuma Cynthia aka sa ta isar da saƙon. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba, don ita ma daga baya ta rasa aikin da gidanta. 'Ya'yansu maza biyu suka huce fushinsu kan wani matashi ɗan asalin Kwalambiya da ya karɓi aikin da rahusa, suka nakasa mai sayar da abin sha da ya shiga rabo, suka tafi kurkuku. Masu kamfanin, waɗanda suka yanke shawarar, ko sau ɗaya ba su bayyana a dandamali ba. Skeleton Crew na Dominique Morisseau ya bi irin wannan hanya da ma'aikatan wata masana'antar sassan mota a Detroit a 2008.

Masu suka da masu karewa

Ba duka baƙaƙen fata ke murna da wannan salo ba. Suka ta farko ita ce ana tona asirin gida a gaban baƙi. Tikitin Broadway a matsakaici ya haura dala 100, kuma akasarin masu saye farare ne. Akwai fargabar cewa uba mai zafin hannu da ɗan'uwa maci amana za su ƙara wa mai kallo imani da abin da dama yake zato. Fargabar tana da tushe, domin a 1965 wani rahoton gwamnati da Daniel Patrick Moynihan ya rubuta ya ɗora kaso mai yawa na talaucin baƙaƙen fata a kan rugujewar iyali, kuma 'yan siyasa sun daɗe suna fakewa da shi. A 1986 George C. Wolfe, shi ma baƙar fata, ya rubuta wasan barkwanci da ya yi wa salon tsohuwa mai addini da ɗanta mai fushi shaguɓe, yana nuna cewa ya zama tsohon yayi.

Masu zafin ra'ayi na shekarun 1960 kuma cewa suka yi burin sayen gida a unguwar farare buri ne na masu son a karɓe su. Marubuci Amiri Baraka na cikinsu, amma a shekarun 1980 ya rubuta cewa sun yi wa wasan Hansberry gurguwar fahimta, ita ce ta fi su kusa da abin da talaka ke fama da shi.

Akwai kuma yabon da marubutan kansu ba su so. Masu sharhi farare sun riƙa cewa labarin iyalan Younger na kowa ne, launin fata bai shigo ciki ba. Hansberry ta ƙi wannan, ta dage cewa iyalin baƙaƙe ne, na kudancin Shikago takamaimai, kuma ta nan ne labarin zai isa ga kowa. Ina tare da ita. Da zarar an cire jan layin taswira da wakilin unguwar farare, abin da ya rage shi ne wani mutum marar wayo da ya ɓatar da kuɗin uwarsa, kuma wannan ƙarya ce game da wasan. Haka kuma wanda ya ce wariya ce kaɗai ta jawo komai bai saurari Rose ba. Wariya ba ta tura Troy gidan Alberta ba.

Wilson ya kai muhawarar wani mataki a jawabinsa na 1996 a Jami'ar Princeton, inda ya ce cikin manyan gidajen wasa 66 na ƙungiyar ƙwararru ta ƙasar, ɗaya tak ne na baƙaƙen fata, ya nemi a ba su kuɗi su gina nasu. A gefe guda kuma akwai wasannin da ke zagaya birane suna cika zaure da talakawa da matan coci, irin waɗanda Tyler Perry ya yi suna da su tun ƙarshen shekarun 1990. Jigonsu ɗaya ne, miji maci amana da bashi da 'yan'uwa masu ƙyashi, sai dai da dariya da waƙar coci da tuba a ƙarshe. Manazarta sun daɗe suna raina su, alhali su ne suka fi cika sharaɗin Du Bois na kai wasa inda masu labarin suke.

Me talaka ke samu?

Wasa ba ya biyan kuɗin haya, amma yana ajiye shaida. A shekarun 1950 aka rushe ƙasan unguwar Hill District ta Pittsburgh don gina katafaren zauren wasanni, aka tashi mutane kimanin 8,000. Wilson, wanda aka haifa a unguwar a 1945, ya rubuta wasanni goma, ɗaya ga kowace shekara goma ta ƙarni na 20, tara daga ciki a wannan unguwa. Gidan da ya tashi a ciki an gyara shi an buɗe a matsayin cibiyar fasaha a 2022. Denzel Washington ya ɗauki alkawarin mayar da wasannin goma fim, uku sun fito zuwa 2024, kuma ta wannan hanya ce masu kallo a Kano da Yamai da Kumasi ke haɗuwa da su. A 2018 an zagaya da Sweat ƙananan garuruwan masana'antu a jihohi biyar ana nunawa kyauta, bayan kowane wasa a zauna a tattauna da 'yan kallo. A ƙarshen 2021, bayan zanga-zangar kisan George Floyd, wasanni bakwai na marubuta baƙaƙe suka shiga jadawalin Broadway a kaka ɗaya, abin da ba a saba gani ba.

Matsalar da wasannin ke nunawa kuwa ba ta gushe ba. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna matsakaicin dukiyar iyalin farar fata kimanin dala 285,000 ne, na baƙar fata kuma kimanin 44,900. Ƙasa da rabin iyalan baƙaƙen fata ne ke zaune a gidan kansu, farare kuwa kusan kashi uku cikin huɗu. Muddin wannan tazara tana nan, marubuta za su ci gaba da samun gidajen da kuɗin inshora guda ke haɗa 'yan'uwa faɗa. A 2021 garin Evanston, mai maƙwabtaka da Shikago, ya amince da biyan dala 25,000 ga baƙaƙen fatar da wariyar gidaje ta shafa tsakanin 1919 da 1969, ko zuriyarsu, don sayen gida ko gyara shi. A 2024 wata ƙungiyar masu ra'ayin riƙau ta maka garin a kotu, tana cewa shirin ya nuna wariya ga waɗanda ba baƙaƙe ba.